Yadda ake ɗinka littafin tara kalmomi da takardun gwanjo

Na taɓa sayen wani littafin rubutu mai bangon fata, takardarsa fara sol, da niyyar in riƙa zuba duk sabuwar kalmar da na ci karo da ita. Shekara ta zagayo, kalma huɗu ce kacal a ciki. Kyawun littafin ne ya ɗaure min hannu. Duk sanda na ɗauki biro sai in ji kamar zan ɓata shi, in ce bari dai sai na samu kalmar da ta cancanta. Ranar da na ninke wasu tsofaffin takardu, na ɗinke su da zare na cusa a aljihu, wata biyu bai cika ba sai da shafukan suka ƙare. Littafin kalmomi ba ya son tsada, ba ya son girma, kuma ya fi karɓar rubutu idan kai ka ɗinka abinka, don ka san in ya lalace yau gobe ka yi wani.

Aikin ya kasu uku, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa. Za ka nemo tsofaffin littattafai wurin 'yan gwanjo, ka ɗinka littafin aljihu da waɗanda suka riga suka mutu, sannan ka cika shi da kalmomin da ka tsinto a waɗanda ke da sauran numfashi.

Wurin 'yan gwanjo

Ka tafi da buƙata biyu a ranka, kada ka cakuɗa su: akwai littafin karantawa, akwai na yankawa. Na karantawa shi ne rijiyar kalmomi, wato tsohon ƙamus, littafin karin magana, labarin tafiye-tafiye, littafin tsirrai ko na tsuntsaye. Ni na fi ɗokin littattafan koyar da sana'a, domin a nan sunayen abubuwa suke zube, irin waɗanda ba ka jin su a labaran rediyo. Na yankawa kuwa shi ne wanda ya tashi daga aiki: bango ya fita, rabin shafuka sun ɓace, ko littafin taswirar da ƙasashen cikinsa suka canza suna tun tuni, ko rajistar da aka rubuta shafi goma aka bar sauran fari. Dokata a nan ɗaya ce, ba na sa reza a littafin da wani zai iya karantawa daga farko har ƙarshe. Littafi mai tsarki kuma, na kowane addini ne, ko ya yage ba kayan yanka ba ne.

Idan ka ɗauki littafi, bari hanci ya riga ido. Buɗe tsakiya ka sansana. Tsohuwar takarda mai lafiya tana da wani ɗan ƙamshi mai daɗi, wanda ke fitowa daga sinadaran itace da ke rugujewa a hankali. Idan kuwa warin ɗakin da ya daɗe a rufe cikin laima ka ji, fumfuna ce, ajiye shi ko da kyauta aka ba ka. Na taɓa kwaɗayin wani ƙamus mai irin wannan wari, na ce ai iska za ta kore shi. Kafin in farga ya shafa wa littattafai uku da ke jere da shi a kanta. Ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jikin shafi ba su da wata illa, tsufa ne, har ado suke yi wa bango. Abin gudu shi ne tabo mai gari-gari, fari ko kore ko baƙi, wanda ke bin yatsa in ka shafa.

Daga nan ka riƙe littafin ta bangaye biyu, ka kifa shi, ka girgiza a hankali. Idan wani gari mai kama da dusar katako ya zubo, ko ka ga 'yan ramuka sun ratsa shafuka da yawa a wuri ɗaya, ƙwari sun yi gida. Leƙa cikin gadon bayan littafin ma, can suke ɓuya saboda gam ɗin da ke wurin abincinsu ne.

Gwaji na uku shi ne na kusurwa, kuma ya fi muhimmanci ga littafin yankawa. Da izinin mai kaya, ka ninke ƙaramar kusurwar wani shafi na can baya, gaba da baya, sau biyu. Idan ta karye ta faɗo, takardar ta gama yawo, ba za ta ɗauki ninki ba balle allura. Kada shekarun littafi su ruɗe ka a nan. Har tsakiyar ƙarni na 19, da tsummokara ake yin yawancin takarda a Turai, na auduga da na lilin. A shekarun 1840 wani Bajamushe mai suna Friedrich Keller ya ƙera injin niƙa itace, takarda ta yi araha, amma ta zo da wani sinadari mai suna lignin da kuma tsami, waɗanda ke mayar da ita rawaya su busar da ita. Shi ya sa za ka iya samun littafi mai shekara ɗari uku takardarsa na lanƙwasuwa kamar yadi, ga kuma mai shekara sittin yana marmashewa a hannu.

Ƙamus kuma sai ka duba harafin farko da na ƙarshe, domin su ne ke fara zubewa, ka kuma bi lambobin shafi a wurare uku ko huɗu na tsakiya. Idan tsohon bugun Hausa ne, kada ka yi mamakin ganin ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa a inda yanzu muke rubuta ɓ da ɗ da ƙ. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, haka aka rubuta su a wancan zamani.

Kafin su shiga ɗaki

Duk abin da ka sayo, kada ya je kanta kai tsaye. A waje, a inuwa, ka kakkaɓe shi da buroshi mai laushi, daga gadon baya zuwa baki, ka rufe hancinka da ƙyalle. Tsayar da shi a buɗe kamar bukka ya sha iska yini ɗaya ko biyu. Kada ka shanya shi a rana, rana na cinye tawada tana ƙara busar da takarda. Idan kana zargin ƙwari kuma littafin ya shiga ranka, ɗaure shi tam a leda, ka matse iskar, ka sa a firiza mako guda. In ka fitar, bar shi a ledar yini guda cur kafin ka kwance, don raɓar ta taru a jikin leda maimakon jikin takarda. Sanyi na kashe ƙwari, amma fumfuna barci kawai take yi.

Kayan aiki

Fallen takarda huɗu masu girman A4, ko shafukan da ba a rubuta ba na tsohuwar rajista. Kwali marar kauri, irin na tsohon fayil. Shafi ɗaya mai kyau daga littafin yankawa. Reza mai kaifi, rula ta ƙarfe, almakashi, fensir, allura mai ɗan kauri, basilla ko tsinin kamfas na akwatin lissafi, zare mai ƙarfi, ɗan kakin zuma ko guntun kyandir, cokali, maƙalan shanya guda biyu, da gam.

Kafin ka taɓa su, ga kalmomin da suka cancanci shafin farko, suna nan a gabanka kan tebur. Allura daga Larabci ta zo, al'ibra. Almakashi ma haka, almiƙass. Littafi shi ne alkitab, bakin Bahaushe ya murza shi. Alƙalami ya biyo ta Larabci, amma tushensa kalamos ne na Girkanci, wato kara. Takarda kuwa ta bakin Abzinawa ta iso, kuma in ka bi sawunta za ka kai ga karta ta Latin. Ita kanta takardar a ƙasar Sin aka fara yin ta, ana jingina gyara sana'ar ga wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekara ta 105, ta bi ta Samarƙand da Bagadaza a ƙarni na 8 kafin ta kai Turai. Ko rim, ƙunshin falle 500 da ake saya, asalinsa rizma ne na Larabci.

Kwanciyar takarda

Nan ne yawancin masu farawa suke faɗuwa, kuma ba su san abin da ya kayar da su ba. Sun ɗinka littafi tsaf, amma ya ƙi rufuwa, bakinsa a hangame, shafukan sun yi tauri, wurin ninki ya tsattsage.

Takardar inji tana da kwanciya, kamar yadda gashin dabba yake da ita. Lokacin da ake zuba ƙullun takarda a kan raga mai gudu, zarurrukan cikinsa suna miƙewa su bi inda ragar ta nufa. Takarda na ninkuwa cikin sauƙi idan ninkin ya bi kwanciyar, tana gardama idan ya gitta ta. Ƙa'idar masu ɗinkin littafi ita ce, kwanciyar kowane abu, shafi da kwali da abin da aka liƙa, ta bi tsayin gadon baya, daga sama zuwa ƙasa.

Hanya uku ake gane ta. Ka ɗora falle a tebur, ka lanƙwaso shi ba tare da ka ninke ba, ka ɗan danna da tafin hannu, sannan ka juya ka lanƙwaso ta ɗaya ɓangaren. Inda ya fi saurin miƙa wuya, kwanciyar na bin layin wannan lanƙwasa. Ko ka yaga wani fallen da ba ka so: in ka bi kwanciya yagar za ta tafi kusan a miƙe, in ka gitta sai ta yi ta karkacewa. Ko ka yanki ɗan murabba'i ka jiƙa fuska ɗaya, zai naɗe kamar tabarma, kwanciyar na bin tsayin naɗin.

Yawancin takardar A4 da ake sayarwa kwanciyarta na bin dogon gefe ne, mai milimita 297. Ka ga ke nan idan ka ninke ta biyu kai tsaye, kamar yadda kowa ke yi, ka gitta kwanciyar. Maganin abin mai sauƙi ne, kuma shi ya sa na zaɓi girman aljihu. Yanka fallen gida biyu tukuna, ka samu A5 guda biyu, kowanne milimita 148 da 210. Yanzu in ka ninke kowanne biyu, ninkin ya bi kwanciya daidai, littafin kuma ya fito a girman A6, milimita 105 da 148, wanda ke shiga aljihun riga ba tare da ya leƙo ba. Duk da haka ka gwada takardarka, musamman ta tsohuwar rajista, don ba duka aka yanka su iri ɗaya ba.

Yanka da ninki

Yanka falle huɗun nan ka samu takwas. Ɗora rula, ka danne ta sosai, ka ja reza sau biyu ko uku a hankali maimakon sau ɗaya da ƙarfi. Ka tabbata yatsunka na bayan bakin rula, ka kuma shimfiɗa wani kwali mai kauri a ƙasa.

Ninke kowane falle shi kaɗai. Haɗa kusurwa da kusurwa, danna tsakiya da yatsa, sannan ka goge ninkin da bayan cokali daga tsakiya zuwa sama, daga tsakiya zuwa ƙasa. Kada ka haɗa takwas ɗin ka ninke lokaci guda don sauri, na ciki za su tattare. In ka gama sai ka sa su cikin juna, ɗaya a cikin ɗaya. Falle takwas sun ba ka shafi 32. Za ka ga na tsakiya sun ɗan turo baki waje fiye da na gefe, haka abin yake, za a daidaita daga baya. Kada ka wuce falle goma a ɗinki ɗaya, littafin zai ƙi kwanciya.

Bango

Yanki kwali mai milimita 152 da 216, wato ya ɗan ɗara shafukan ta kowane gefe, kwanciyarsa na bin gajeren gefen. Zaɓi shafin da za ka lulluɓe shi da shi. Taswira ta fi komai kyau a wurina, saboda takardarta na da ƙarfi, kuma akwai daɗi ka ciro littafi daga aljihu ka ga wani teku a bayansa. Shafin mataccen ƙamus ma ya dace da aikin. Yanke shi ya fi kwalin da santimita ɗaya da rabi ta kowane gefe.

Gam iri biyu ne. Farin gam na kafintoci na bushewa da wuri, amma in ka liƙa a karkace shi ke nan. Na sitati ya fi haƙuri, yana ba ka damar ɗagawa ka gyara. Ga yadda ake dama shi: cokali ɗaya na sitati, cokali biyar na ruwa, a ɗora a wuta marar ƙarfi ana juyawa ba tsayawa har farinsa ya washe ya yi yauƙi, a sauke ya huce, a tace da ƙyalle. Dama kaɗan, don kwana biyu zuwa uku yake yi ya lalace. Salatif kuwa kada ya kusanci aikin nan, da ya kwana biyu zai yi rawaya ya ɓare, ya bar tabon da ba ya fita.

A jikin takarda ake shafa gam, ba a jikin kwali ba, daga tsakiya zuwa gefe, shafi marar kauri. Jira kamar minti ɗaya takardar ta sha ta saki jiki, sannan ka ɗora kwalin a tsakiya. Juya ka goge da tafin hannu ta saman wata takarda mai tsabta. Datse kusurwoyi huɗun a karkace, ka bar ɗan rata kamar kaurin kwalin sau biyu, ka lanƙwaso gefunan ciki ka liƙe.

Saura abu ɗaya da ake yawan tsallakewa. Takarda in ta jiƙa buɗewa take, in ta bushe sai ta tsuke ta jawo kwalin, bangon ya bankare. Don haka dole ka liƙa wata takardar a fuskar ciki ita ma, su ja juna su yi kunnen doki. Sa leda sama da ƙasa, ka danne da manyan littattafai ya kwana. Da safe ka ja layi a tsakiya da bayan almakashi, ka ninke.

Huji da ɗinki

Sa shafukan cikin bango, ka daidaita, ka buɗe a tsakiya, ka kama sama da ƙasa da maƙalan shanya. A cikin ninkin ka sa ɗigo uku da fensir: ɗaya a tsakiya, ɗaya santimita biyu daga sama, ɗaya santimita biyu daga ƙasa. Kada ka baje littafin gaba ɗaya lokacin huji. Riƙe shi a rabin buɗe, kamar kwari, ka soka basilla a miƙe, ta haka tsinin zai fito a kan gadon baya daidai maimakon ya zame gefe.

Yanki zare kamar santimita 50, wato tsayin littafin sau uku da ɗan ƙari. Ja shi a jikin kaki sau biyu ko uku, hakan na hana shi harɗewa, yana kuma sa ƙulli ya kama. Ba a ƙulla bakin zaren.

Fara daga ciki. Soka allura a hujin tsakiya ta fita waje, ka bar wutsiya kamar santimita bakwai a ciki. Daga waje, shiga ta hujin sama. Yanzu kana ciki: tsallake na tsakiya, ka gangara har hujin ƙasa ka fita. Daga waje kuma, dawo ta hujin tsakiya. A nan ka kula da abu biyu. Kada allurar ta tsaga zaren da ke cikin hujin, in ta tsaga ba zai jawu ba. Sannan ka fito ta yadda dogon zaren da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa zai kasance tsakanin wutsiyoyin biyu, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Ja su a hankali, kana bin tsayin ninkin, don in ka fizga sama zaren zai yanka takarda. Ƙulla su a kan dogon zaren, dama kan hagu, sannan hagu kan dama. Datse ka bar santimita ɗaya.

Rufe littafin, goge gadon bayan da cokali. Buɗe bangon ka kawar da shi gefe, ɗora rula a bakin shafukan, ka yi ta jan reza a hankali, falle biyu-biyu na faɗuwa, har bakin ya daidaita. In kana so, liƙa tsohuwar ambulan da aka yanke rabi a cikin bangon baya, ta zama aljihun ajiye guntayen takardun da ka yi rubutu a kansu ranar da ka manta littafin.

Yadda kalma ke shiga

Littafi ya samu, amma rubuta kalma da ma'anarta kawai aikin banza ne, bayan mako biyu za ka kalle ta kamar baƙuwa. Kalma ɗaya, rabin shafi. A sama ka rubuta ta. A ƙarƙashinta ka kwafe jimlar da ka same ta a ciki, yadda take, da inda ka samo da kwanan wata. Sai ka rubuta abin da kake zaton tana nufi kafin ka buɗe ƙamus, sannan abin da ƙamus ya ce. A ƙarshe jimla taka ta kanka, a kan wani abu da ya faru da kai a makon.

Jimlar asali ita ce ran abin. Babban ƙamus ɗin Ingilishi na Oksfod da ita aka gina shi. A 1879 editansa James Murray ya yi kira ga masu karatu su riƙa aiko masa da 'yan guntayen takardu, kowace da kalma ɗaya, da jimlar da aka gan ta a ciki, da sunan littafi da shafi da shekara. Miliyoyin irin waɗannan takardu aka tara, aikin bai kammala ba sai 1928. Abin da kake yi a aljihunka ƙaramin wannan ne.

Ga mai tara kalmomin Hausa akwai ƙarin abubuwa uku. Na farko, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta itace a takarda ɗaya suke, haka gari na mutane da gari na niƙa, haka baba da ke iya zama uba ko uwa ko shukar rini. Saboda haka ka ƙirƙiro alamarka, ko ɗan layi a kan dogon wasali, ko kibiya mai nuna inda murya ta sauka, ka tambayi wanda ya san kalmar ya faɗa maka da baki. Na biyu, rubuta jinsi da jam'i, don jam'in Hausa ba ya bin hanya ɗaya: takobi takubba, gulbi gulabe, dutse duwatsu. Na uku, kuma shi na fi so, kada ka raba kalma da abokan tafiyarta. Tagumi ana yin sa, ana zuba shi, ana rafka shi, kuma wanda ya rafka ya fi wanda ya yi shiga damuwa. Ja wur yake, baƙi ƙirin, fari fat, kore shar, ba a musanya su. In ka tsinci sassarfa, bar fili kusa da ita, sukuwa na nan tafe. In ka rubuta yayyafi, mamako zai nemi wuri.

Wani harshe kake koyo? Tsarin bai canza ba, sai dai ka ware masa nasa littafin da bango mai wani launi.

Kalma uku a yini sun isa, biyar sun yi yawa. Ranar da ka samo sabon ƙamus za ka ji kamar ka kwashe talatin, kada ka biye wa zuciya. Kuma duk wadda ka rubuta, ka nemi dalilin furta ta kafin kwana uku, ko da a saƙon waya ne. Za a yi maka dariya wani lokaci, wani kuma zai ce rabonsa da jin kalmar nan tun kakarsa na da rai, ya ƙara maka biyu.

Akwatin bita

Littafin aljihu tarko ne, kamawa yake yi. Riƙewa aikin bita ne. A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa. Ya gano mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da yinin farko, daga nan sai ta rage sauri, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. A 1972 wani ɗan jarida, shi ma Bajamushe, Sebastian Leitner, ya mayar da wannan ilimi akwatin kwali.

Samu akwati mai tsayin santimita 30, irin na takalmi ya yi. Raba shi ɗaki biyar da guntayen kwali, faɗinsu santimita 1, 2, 5, 8 da 14, yadda Leitner ya tsara. Katunan kuma daga ragowar fayil: kwali mai girman A4 in ka raba shi biyu sau uku zai ba ka kati takwas, kowanne milimita 74 da 105. A fuska ɗaya kalma, a bayanta ma'ana da jimlar asali.

Ƙarshen mako ka buɗe littafin aljihu, ka zaɓi waɗanda har yanzu suke burge ka, su kaɗai za su samu kati. Sabon kati ɗaki na farko yake shiga, shi ake dubawa kullum. In ka tuna ma'anar kafin ka juya, ya wuce ɗaki na gaba, ya tsaya a bayan layi. In ka kasa, ya koma ɗaki na farko, ko da daga na huɗu ya fito. Sauran ɗakunan ba ka taɓa su sai sun cika, sannan ka ɗebi na gaba-gaba ka gwada. Hikimar faɗin ke nan: ƙaramin ɗaki na cika da wuri, babba na daɗewa, don haka kalmar da ta zauna ba ta cin lokacinka, mai gardama kuwa kullum kuna tare. Katin da ya tsallake ɗaki na biyar ya gama makaranta, sai ka ɗaure shi da 'yan'uwansa ka ajiye.

Idan littafin aljihu ya cika, rubuta lambarsa da ranar farawa da ta gamawa a cikin bango. Shafin ƙarshe ni nakan bar shi ne don kalmomin da na ji a bakin mutane amma babu su a ƙamus ɗin da ke hannuna. Su nake fara kwafewa a sabon littafi kafin komai, har sai na haɗu da wanda zai warware min su. Nawa na yanzu shi ne na tara, kuma kalma biyu na shafinsa na farko tun daga na huɗu suke biye da ni.